Ciwon da ya ƙi yin mugunya: nazarin lamarin wata jaririya

An kawo jaririya asibiti tana da kwana 34 a duniya, har lokacin cibiyarta ba ta faɗi ba. An haife ta kan lokaci, nauyinta daidai, ta kama nono tun ranar farko. Ba daɗewar cibiyar kaɗai ce ta ɗaga hankalin uwar ba. Kwana uku ke nan fatar da ke kewaye da gindin cibiyar ta yi ja, ta yi tauri, yarinyar kuma ta fara zazzaɓi tana ƙin nono.

"Likita, yayyenta biyu ko sati biyu tasu ba ta kai ba ta faɗi," in ji uwar. "Wannan ta bushe ƙamas, amma ta ƙi cirewa. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali, ban ga mugunya ba ko kaɗan."

An tsara wannan lamari ne bisa yadda wata cuta ta gado mai suna LAD-1 ta saba bayyana, ba labarin wata yarinya takamaimai ba ne. Cutar ba ta da yawa, wajen haihuwa ɗaya ce cikin miliyan ɗaya. Amma da wuya a sami lamarin da ya fi ta fito da aikin garkuwar da aka haifi mutum da ita, domin abu ɗaya tak ne ya lalace a cikinta, sauran duk suna nan lafiya lau.

Abin da aka gani

Jan fatar ya bazu a cikin yarinyar, faɗinsa ya kai tafin hannunta biyu. Wurin da ɗumi. Da aka latsa gindin cibiyar, wani ruwa tsararo ne ya fito, babu kauri, babu fari. A kusa da dubura kuma akwai wani ɗan gyambo da uwar ta ɗauka goguwar ƙunzugu ce. Bakinsa ya yi duhu, cikinsa fes, kamar an wanke shi.

Da likita ya tambayi tarihin gida, sai aka gano iyayen 'yan uwan juna ne. Ya sake tambaya ko sun taɓa rasa ɗa yana ƙarami. Uban ne ya amsa: sun rasa namiji yana da wata biyar, da wani ciwon fata da ya ƙi jin magani. "Malam, shi ma cibiyarsa ta daɗe ba ta faɗi ba?" Uwar ta yi shiru, sannan ta ce ta haura wata guda.

Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun ninka abin da aka saba gani sau da yawa, kuma mafi yawansu nutrofil ne, wato nau'in da ke zuwa wurin ciwo ya haɗiye bakteriya. Ruwan cibiyar da aka kai ɗakin gwaji ya tsiro da bakteriyar Staphylococcus aureus. Aka sa mata maganin kashe bakteriya ta jijiya. Zazzaɓi ya sauka, ja ya ragu, ta koma kama nono. Abu biyu ne suka ƙi daidaituwa: gyambon bai rufe ba, yawan nutrofil a jini kuma bai dawo daidai ba ko bayan ta murmure. Aka yanki ɗan nama daga bakin gyambon aka duba a madubin likita. Ƙananan jijiyoyin jini cike suke maƙil da nutrofil, amma naman da ke wajensu, inda bakteriyar take, kusan babu ko ɗaya.

Tambayar lamarin ke nan. Jiki ya san cuta ta shigo, tunda ya yi zazzaɓi, ya kuma cika jini da ƙwayoyin da aikinsu ke nan. Me ya hana su isa wurin?

Abin da ya kamata ya faru

Garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai ta koyo, wadda ke nazarin kowace cuta daban, ta ƙera mata antibodi nata, wato furotin da ke manne wa ƙwayar cutar, ta kuma riƙe ta a ƙwaƙwalwa. Ita ce allurar rigakafi ke horarwa. Tana da ƙwarewa, amma tana da nawa: a haɗuwar farko takan ɗauki kwana huɗu zuwa bakwai, ko fiye, kafin ta fara tasiri. Wasu bakteriya kuwa, idan suka sami wuri mai daɗi, suna rabuwa biyu duk minti 20 zuwa 30. Wanda zai jira mako guda a kan wannan lissafi ba zai ga ƙarshen makon ba. Abin da ke riƙe jiki a waɗannan kwanaki shi ne kashi na biyu, garkuwar haihuwa, wadda ba ta buƙatar ta taɓa ganin cuta kafin ta gane ta. Ga jariri abin ya fi tsanani, domin tasa garkuwar koyon ba ta ga komai ba tukuna. Antibodin da ke jininsa na uwa ne, ya ratso ta mabiyiya, kuma yana raguwa cikin watannin farko.

Farkon garkuwar haihuwa ba faɗa ba ne, hana shiga ne. Saman fata matattun ƙwayoyi ne da suka cushe da keratin, a bushe, da ɗan tsami, suna kuma zubewa kullum tare da duk abin da ya manne musu. Fata na fitar da ƙananan furotin irin su difensin masu huda jikin bakteriya. Hawaye da yawu suna ɗauke da laisozayim, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, tun kafin labarin fenisilin. Aikinsa narkar da bangon wasu bakteriya. Majina na kama ƙura da ƙwayoyin cuta a hanyar numfashi, ƙananan gasu masu kaɗawa suna turo ta sama. Ruwan tsamin ciki na kashe mafi yawan abin da aka haɗiye. Bakteriya marasa cutarwa da suka zauna a fata da hanji su ma suna tare wuri, suna cinye abincin da baƙo zai samu.

Duk waɗannan lafiyarsu ƙalau a jikin wannan yarinya. Sai dai gindin cibiya ƙofa ce a buɗe a jikin kowane jariri: mataccen nama ne manne da mai rai, bakteriya kuma na sauka a kansa cikin kwanakin farko. Faɗuwar cibiya ma ba bushewa kaɗai ke kawo ta ba. Nutrofil ne ke taruwa a mahaɗar mataccen naman da mai rai, su narkar da ita da sinadaran da suke fitarwa, har cibiyar ta saki. Shi ya sa daɗewarta ta zama alama ta farko.

Idan bakteriya ta ƙetare fata, akwai masu jiranta a cikin nama. Makrofaj, manyan ƙwayoyi masu haɗiye baƙo, na zaune a kusan kowane sashe na jiki, haka ma ƙwayoyin mast da na dendiritik. A jikinsu akwai na'urorin ganewa waɗanda ba ruwansu da sunan cuta. Abin da suke nema shi ne kayan ginin da ƙwayoyin cuta ba za su iya rayuwa babu su ba, alhali jikin mutum ba ya yin irinsu. Charles Janeway ne ya kawo wannan hasashe a 1989. A 1996 ɗakin binciken Jules Hoffmann a Faransa ya nuna ƙudan 'ya'yan itace da aka lalata wa ƙwayar gadon Toll ba ya iya kare kansa daga fangas. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa ɗan uwan Toll a jikin ɓera, TLR4, shi ke gane wani sinadari da ke bangon wasu bakteriya. Hoffmann da Beutler sun sami kyautar Nobel a 2011 tare da Ralph Steinman. Mutum na da irin waɗannan na'urori na TLR guda 10: TLR5 na gane wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR2 na gane kayan bangon irin su Staphylococcus, wasu kuma na cikin ƙwaya suna jiran kayan gadon bairos.

Da zarar makrofaj ya gane baƙo, sai ya haɗiye abin da zai iya, ya kuma saki saƙonni: TNF, IL-1, IL-6, da IL-8 mai kiran nutrofil. Ƙwayoyin mast su saki histamin. Jijiyoyin jinin wurin su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ja ya yi ɗumi. Bangon jijiyoyin ya sassauta, ruwan jini ya tsiyayo cikin nama, ya kumbura. Wasu sinadaran su tsokani jijiyoyin ji, ya yi zafi. Waɗannan alamomi huɗu Celsus ya lissafa su a Rum tun ƙarni na farko miladiyya. Saƙonnin da suka shiga jini kuma su kai ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki, su kai hanta ta ƙara fitar da furotin irin su CRP, su kai ɓargo ya saki nutrofil da ya ajiye.

Ruwan da ya tsiyayo ba ruwan banza ba ne. Yana ɗauke da kwamfiliment, furotin fiye da 30 da hanta ke yin mafi yawansu, suna yawo a jini a kwance har sai sun taɓa jikin ƙwayar cuta, sannan ɗaya ya tayar da ɗaya. Jules Bordet na Beljiyam ya sami Nobel ta 1919 a kan aikin da ya haɗa da gano wannan tsari. Wani guntu, C3b, yana lulluɓe bakteriya don a ji daɗin kama ta. Wani, C5a, yana bazuwa yana jawo nutrofil. Na ƙarshen jerin kuma suna haɗuwa su huda ramuka a jikin wasu bakteriya, ko da yake irin su Staphylococcus, masu kaurin bango, wannan huda ba ta yi musu komai. Su sai an haɗiye su.

A duba yarinyar da wannan ma'auni. Ja, akwai. Ɗumi, akwai. Tauri da kumburi, akwai. Zazzaɓi da hauhawar CRP, akwai. Ɓargo ya amsa kira har ya wuce gona da iri. Ganewa ta yi aiki, kira ya yi aiki. Saura mataki ɗaya.

Inda abin ya tsaya

Nutrofil su ne mafi yawa cikin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Ɓargo na yin wajen biliyan 100 a kowace rana, kuma ba su da tsawon rai. A cikin jini ba su da wani aikin kirki. Aikinsu na cikin nama, don haka dole su fita daga jijiya. Julius Cohnheim ya kalli wannan fita da idonsa a 1867, a jikin kwaɗo mai rai a ƙarƙashin madubi: fararen ƙwayoyi suna jeruwa a gefen jijiya, suna mannewa, suna kutsawa waje. Sai bayan fiye da shekara ɗari aka gano da me suke riƙe bangon.

Fita daga jini mai gudu kamar mai iyo ne a kogi mai ƙarfi yana son hawa gaɓa: yakan fara cafkar ciyawar bakin ruwa, tana suɓuce masa amma tana rage masa gudu, har ya sami saiwar da zai riƙe gam ya ja jikinsa waje. Ciyawar ita ce selektin. Saƙonnin makrofaj na sa bangon jijiyar da ke kusa da ciwo ya fito da su, su kuma suna kama wani sukari da ke jikin nutrofil, kamu mai rauni, a kama a saki, har ƙwayar ta koma mirginawa a hankali a jikin bango. Tana cikin mirginawa sai ta ci karo da IL-8 da aka liƙa a bangon. Wannan ne ke tayar da intagirin, furotin da ke jikinta a lanƙwashe. Cikin ƙiftawar ido su miƙe, su damƙi ICAM-1 na bangon jijiya. A nan take tsayawa cak. Sai ta baje, ta rarrafa ta nemi tsakanin ƙwayoyin bango biyu, ta matse jikinta ta wuce, ta bi ƙamshin C5a da IL-8 da na bakteriyar kanta zuwa inda ya fi ƙarfi.

Intagirin ɗin nutrofil kowannensu ɓari biyu ne. Ɓari ɗaya yana bambanta, CD11a ko CD11b ko CD11c, ɗayan kuwa iri ɗaya ne a dukkansu: CD18. Ƙwayar gadon da ke yin CD18 sunanta ITGB2, tana kan kuromosom na 21. Idan yaro ya gaji lalatacciya daga uwa, ya kuma gaji lalatacciya daga uba, duk dangin intagirin ɗin nan sun tafi a lokaci guda. Nutrofil ɗinsa za su mirgina, su ji kira, su kasa tsayawa, jini ya wuce da su. Asarar ma ba ta tsaya nan ba: CD11b tare da CD18 su ne hannun da nutrofil ke kama bakteriyar da kwamfiliment ya lulluɓe. Ko da ƙalilan sun tsallake, kamun nasu ba ƙarfi.

Da sun isa, ga abin da za su yi. Nutrofil na zagaye bakteriya da fatarsa ya haɗiye ta cikin wata 'yar jaka, aikin da Élie Metchnikoff ya fara fahimtar muhimmancinsa a Messina ta Italiya a 1882, lokacin da ya soka ƙaya a jikin ɗan tauraron teku ya ga ƙwayoyi sun taru sun kewaye ta. A cikin jakar, wani injin sinadari mai suna NADPH oksides na juya iskar oksijin ta zama guba, wani sinadarin mai suna mayeloferoksides kuma ya mayar da ita sinadarin da ke cikin bilic. Ana zuba mata wasu masu narkar da furotin, ana kuma ƙwace mata ƙarfen da take buƙata don ta hayayyafa. A 2004 masu bincike a Berlin suka nuna cewa nutrofil na iya fesa zaren DNA ɗinsa waje ya zama raga mai kama bakteriya. Bayan haka sai ya mutu. Tarin matattun nutrofil, da matattun bakteriya, da narkakken nama, shi ne mugunya. Launin kore-kore da takan yi ma daga mayeloferoksides yake.

A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Mutane na kallon mugunya a matsayin ciwon kansa, kuma ba a ce a bar ta ba: maruru idan ya nuna sai an fasa shi, mugunyar da ta taru a cikin jiki sai an zuƙe ta. Amma ita shaida ce cewa nutrofil sun iso. Ciwon da ya yi ja, ya yi zurfi, yana ci gaba da cin nama, ga zazzaɓi, amma cikinsa fes, ya fi mai mugunya abin tsoro. Abin da ya kwantar wa uwar hankali shi ne ya ɗaga na likita.

Saura tambaya guda: me ya sa nutrofil suka ƙi raguwa a jini bayan ta warke? Rashin fita na cikin dalili, amma akwai wani. A jikin mai lafiya, nutrofil da suka tsufa a cikin nama makrofaj ne ke cinye su, cin nan kuma na sa makrofaj ya rage fitar da wani saƙo mai suna IL-23. Idan IL-23 ya ragu, wani saƙon mai suna IL-17 ya ragu, G-CSF mai umartar ɓargo ya yi nutrofil shi ma ya ragu. Ta haka nama ke sanar da ɓargo cewa kaya sun iso. A jikin yarinyar saƙon bai taɓa zuwa ba, don haka IL-17 ya yi yawa, ɓargo kuwa bai daina aiki ba. Wannan yawan IL-17 ɗin shi ke bayyana wani abin da ya daɗe yana ba likitoci mamaki: yaran da ke da sassauƙan nau'in cutar, idan suka girma, dasashinsu na kumbura ƙwarai, ƙashin da ke riƙe haƙora na zaizayewa, haƙoran su zube. An daɗe ana ɗora laifin a kan bakteriyar baki kaɗai, sai bincike ya nuna kumburin da ya rasa mai tsayar da shi na da babban kaso. Ashe nutrofil ba kisa kaɗai yake yi ba, isowarsa da mutuwarsa na cikin abin da ke kashe wutar kumburi.

Abubuwan da aka kawar kafin a yanke hukunci

Yawancin jariran da cibiyarsu ta yi jinkiri ba su da wata cutar garkuwa. Yawan shafa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na iya jinkirta ta, haka ma haihuwa kafin lokaci, ko wata 'yar hanya tsakanin mafitsara da cibiya da ba ta rufe ba. Jinkiri shi kaɗai a jikin jariri mai lafiya, wanda jininsa ke daidai, ba abin firgita ba ne. Haɗuwarsa da ciwo marar mugunya da yawan nutrofil ce ta sauya lissafi.

An yi tunanin sankarar jini saboda yawan fararen ƙwayoyin, amma a madubi duk nunannu ne, siffarsu daidai. An yi tunanin ƙarancin nutrofil na haihuwa, wanda shi ma ke kawo ciwon cibiya marar mugunya, amma a can jinin ne babu su, a nan kuwa ya cika. An yi tunanin cutar CGD, wadda aka fara bayyanawa a shekarun 1950, inda NADPH oksides ne ya lalace. Kwatanta su biyun na da amfani: a CGD nutrofil na isowa, suna haɗiyewa, su kasa kashewa, don haka yaron na fama da ƙuraje masu mugunya a fata da hanta da kaluluwa, da cututtukan fangas irin su Aspergillus a huhu. Gwajin da ke auna wannan guba ya fito daidai a jinin yarinyar.

Gwajin da ya raba gardama shi ne wanda ake bi da ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, bayan an sa musu alama mai ƙyalli da ke manne wa CD18 da CD11. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na nutrofil ɗinta ne suka nuna alamar. Wannan shi ne nau'i mai tsanani na cutar LAD-1, wato gazawar fararen ƙwayoyin jini wajen mannewa. Mai sauƙin yakan nuna kashi 2 zuwa 30. Gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da lahani a ITGB2 ta ɓangarorin biyu, kowane ɗaya daga iyayen kuma na ɗauke da kwafi guda, shi ya sa su lafiyarsu ƙalau. Tun 1979 wasu likitoci a Ingila suka buga rahoton jarirai masu jinkirin faɗuwar cibiya da cututtuka masu yaɗuwa da nutrofil marasa motsi, a shekarun 1980 kuma aka gano furotin da ya ɓace. Akwai LAD-2, inda sukarin da selektin ke kamawa ne babu, sai mirginawar ta gagara. Akwai LAD-3, inda intagirin na nan amma ba ya tashi, kuma yakan zo da zubar jini. Likitocin dabbobi ma sun san cutar: ta yaɗu a shanun Holstein ta hanyar bijimai ƙalilan da aka yi ta amfani da su wajen baye, har sai da gwajin gado ya ba da damar kawar da ita daga garkuna.

Magani da abin da ya biyo baya

Maganin kashe bakteriya na sayen lokaci ne kawai. Yana rage yawan bakteriya, amma share ragowar da gyara naman da ya lalace aikin ƙwayoyin jiki ne, shi ya sa gyambon ya ɗauki makonni, ya kuma bar tabo siriri. An ci gaba da ba ta maganin kariya kullum, aka koya wa iyayen su ɗauki kowane zazzaɓi da kowane jan fata da muhimmanci, ko da bai yi kama da abin damuwa ba. An dakatar da rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, irin su BCG na tarin fuka. Sauran kuwa ba su da matsala. Idan ciwo ya ƙi jin magani, akan yi ƙarin nutrofil daga jinin wani, amma amfaninsa na ɗan lokaci ne.

Masu nau'i mai tsanani, idan ba a yi musu dashen ɓargo ba, mafi yawansu ba sa wuce shekarun farko na rayuwa. Tunda nutrofil daga ɓargo suke fitowa, bangon jijiyoyin yarinyar kuma ba abin da ya same shi, sauya ɓargon ya isa ya gyara matsalar. Aka gwada yayyenta biyu, aka sami ɗaya da ƙwayoyinsa suka dace da nata, nutrofil ɗinsa kuma na ɗauke da CD18 yadda ya kamata. Dashen ba wasa ba ne: sai an ba da magunguna masu ƙarfi da za su buɗe wuri a ɓargonta, ta yi makonni kusan babu nutrofil gaba ɗaya, ga kuma haɗarin sabbin ƙwayoyin su juya su yaƙi jikinta. Wani sauƙi da wannan cuta ke da shi shi ne ba dole sai ɓargon duka ya koma na mai bayarwa ba. Ko wani kaso na nutrofil ne ke ɗauke da CD18, sukan wadatar, domin su ne za su riƙa fita zuwa inda ake kira. Ga waɗanda ba su sami wanda ya dace da su ba, an gwada wata hanya a kan yara ƙalilan: a ɗebi ƙwayoyin ɓargon yaron, a saka musu lafiyayyar ITGB2 a ɗakin gwaji, a mayar masa.

Bayan dashen, abin da aka riƙa bibiya shi ne kason nutrofil masu CD18, da saukar yawansu a jini zuwa daidai, wanda ke nuna cewa nama ya fara aika wa ɓargo saƙon da bai taɓa aikawa ba. An kuma sa likitan haƙori cikin masu dubata tun fitowar haƙoran farko.

Zama na ƙarshe da iyayen a kan haihuwa ta gaba ne. Tunda kowannensu na ɗauke da kwafi guda, duk cikin da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya zo da cutar, biyu cikin huɗu ya zama mai ɗauke da ita kamar su, ɗaya cikin huɗu ya tsira daga ita gaba ɗaya. Lissafin sabo ne a kowane ciki, ba ya la'akari da 'ya'yan da suka gabata. Aka shirya cewa duk jaririn da za su haifa nan gaba, za a ɗebi jinin cibiyarsa a ɗakin haihuwa a auna CD18 kafin a yi masa BCG, aka kuma ba 'yan uwansu na jini da ke shirin aure shawarar su yi gwajin ITGB2.